Igiyar Wajen Kai

Torquil yana kan masaƙa sanye da baƙar kwat, yana taka ta a hankali ba zare a kai, lokacin da Finlay ya turo ƙofar rumfar da kafaɗa.

"Kai, hankalinka ɗaya kuwa? Har bakin titi ana jin ƙarar nan."

A ƙauyen ba a taɓa masaƙa, ba a shanya wanki, muddin akwai gawar da ba a binne ba. Gawar kuwa ta mahaifiyarsu ce, tana coci tun jiya da yamma. Torquil bai tsaya ba. Ya ce ba saƙa yake yi ba, ƙafa yake ɗumamawa, duk wanda ya leƙo zai ga babu ko zare ɗaya. Finlay ya ce mutane ba leƙowa za su yi ba, ji za su yi.

Finlay ƙanensa ne. Yana zaune a birnin Aberdeen, yana aiki a jiragen da ke kai kaya rijiyoyin mai na cikin teku, kuma tun da jirgin ruwa ya sauke shi a Stornoway, babban garin tsibirinsu, yake kewaya wata magana. Yanzu ya jingina da buhunan ulu, ya ƙura wa bango ido, ya faɗe ta. Ya ce ya yi magana da Alick mai shirya jana'iza, sun daidaita. Shi zai riƙe igiyar wajen kai idan an zo saukar da akwati. Torquil ya tsaya kusa da shi, ya ɗora hannu a kan igiyar in yana so, ba wanda zai lura.

Igiyar wajen kai ta babban ɗa ce, kowa ya sani. Kuma a maƙabartarsu igiya ba ado ba ce, nauyin gaske take ɗauka.

"Kun daidaita," in ji Torquil. "An sake haihuwarmu ne ban ji labari ba?"

"Ka san abin da nake tsoro."

Ya sani. Ranar jana'izar mahaifinsu Torquil ya yi komai yadda ake yi. Ya taya maƙwabta haƙa kabari da sassafe, ya dawo ya cika ciki da wainar fulawa da shayi mai sukari, ya zauna a layin gaba a coci, ya ɗauki makara, sannan ya shiga mota ya zauna har maƙabarta. Da ya fito sai ya ji ƙafafunsa kamar an cika su da jiƙaƙƙen yashi. Ya daure ya karɓi igiyar. Akwatin ya kai rabin rami sai gwiwoyinsa suka lanƙwashe, igiyar ta zare daga hannunsa, kan akwatin ya bugi ƙasa da wata ƙara da babu wanda ya manta. Ba a ce komai a wurin ba. Amma kafin Lahadi ƙauye ya gama yanke hukunci: giya ya sha. Dama tun yana yaro ana yi masa kallon rago, mai kwanciya bayan wasan ƙwallo ya ce ba zai iya tashi ba. Yanzu ragon ya sami kwalba.

Sai bayan wasu shekaru wata likita da ta zo riƙon ƙwarya a asibitin shan magani ta auna bugun zuciyarsa, ta daɗe tana kallon sakamakon, sannan ta kalli haɓarsa da ƙaramin yatsansa mai lanƙwasa, ta tura shi babban asibiti a birnin Glasgow. A can aka ɗebi jininsa, aka yi masa bayani. A jikin ƙwayoyin tsoka akwai wasu ƙananan ƙofofi da sinadarin fotasiyam ke bi, masu sauƙin shiga da wuyar fita, su ke mayar da tsoka cikin shiri bayan ta yi aiki. Ƙwayar gadon da ke ƙera ƙofofin, wadda suka kira KCNJ2, ta zo masa da tangarɗa. Shi aikin ba ya kayar da shi. Zaman da ke biyo bayan aikin ne ke kayar da shi, musamman idan ga sanyi, ga ciki cike da fulawa da sukari. Aka ba shi magunguna, har da na zuciya. Aka gwada mahaifiyarsu ma, aka tarar a wurinta ya gada, ita dai iyakarta faɗuwar gaba jefi-jefi. Da aka faɗa mata sai ta ce masa to, a ranar jana'izarta ban da haƙa rami.

Finlay ya san duk wannan, a waya aka faɗa masa. Ya ji sunan ciwon, amma bai taɓa zama da shi ba.

"Sunan ciwo ba ya riƙe igiya, Torquil."

"Ba ya riƙewa. Ni zan riƙe."

Ya rage takun masaƙar sannu a hankali har ta tsaya, ya sauko. Ya ce bai haƙa rami ba, ƙwai da kifi kawai ya ci, ya sha maganinsa, kuma daga yanzu ba zai zauna ba sai an rufe kabari. Idan ya ji ba zai iya ba, da bakinsa zai faɗa kafin a ɗora akwati a bakin rami. Wancan karon bai san abin da yake ji ba, yanzu ya sani. Finlay ya ce shi dai ba zai koma wa Alick da wata magana ba, sai an je can a gani. Torquil ya ce hakan ma ya yi, ya miƙa hannu ya gyara masa laktayen da ya karkace.

Cocin ta cika har matakalar hawa sama. Finlay ya wuce layin gaba inda dangi ke zama, Torquil ya tsaya a baya kusa da ƙofa, wajen da ake rataye riguna. Inna Kenina, ƙanwar marigayiyar, ta waiwayo ta bubbuga wurin da aka bar masa a kusa da ita. Ya girgiza kai. Ta ƙara bubbugawa da ƙarfi, hularta na rawa, har sai da Finlay ya raɗa mata wani abu ta juya. Can sai ga ɗaya daga cikin dattawan coci ya taho da kujera a hannu, yana tafiya a kan yatsu don kada ya yi ƙara, ya ajiye ta a bayan Torquil da fuskar wanda ya yi aikin lada. Torquil ya yi masa godiya, ya ɗora littafin zabura a kai.

Mai ba da baiti ya ɗaga murya, jama'a suka bi shi a zaune, kowa yana jan waƙar yadda ya ji ta a bakin iyayensa. Torquil yana bi, yana ɗaga duddugensa yana saukewa, yana sauya nauyi daga wannan ƙafa zuwa waccan. Wasu mata biyu a layin ƙarshe suka haɗa kai. Bai ji duka ba, amma ya ji an ce kusa da ƙofa ya fi sauƙin sulalewa. Abin bai dame shi ba. Fasto ya yi addu'a mai tsawo, kowa ya miƙe, kuma a karon farko a rayuwarsa Torquil ya ji daɗin tsawon addu'ar mutumin.

A waje maza suka yi layi biyu a kan titi. Ɗaukar farko ta 'ya'ya ce. Torquil ya kama hannun makara na gaba ta dama, Finlay ta hagu, 'yan uwa suka kama sauran. Tsohuwar ba ta da jiki, amma akwatin itacen gaske ne, kuma iska na bugowa daga teku. Suka taka har gaban tsohuwar makaranta, na baya suka matso suka karɓa, su kuma suka fice gefe suka bi sahu. Haka aka yi ta karɓa-karɓa, ba mai magana, sai ƙarar takalma a kan kwalta, har mahaɗar hanya inda motar gawa ke jira.

Alick ya buɗe wa 'yan'uwan ƙofar motar dangi. Finlay ya shiga. Torquil ya ce su je, zai biyo bas. Alick ya kalli Finlay, Finlay ya kalli gabansa, aka rufe ƙofa.

Bas ɗin ta ƙauye ce, ita ke kai yara makaranta, ranar jana'iza kuma ta kwashi tsofaffi da marasa mota. Lachie ke tuƙa ta, wanda suka yi firamare tare da Torquil.

"Allah ya ba da haƙuri, ɗan'uwa. Ga kujeru nan, zaɓi wadda ta yi maka."

Torquil ya ce a tsaye zai tafi. Lachie ya ce ba a motarsa ba. Doka ta ce kowa ya zauna ya ɗaura bel, kuma hanyar maƙabarta duk kwana ce da ramuka.

"In na taka birki ka fita ta gilashi, jana'iza biyu ke nan, Alick kuwa rami ɗaya ya sa aka haƙa."

Torquil ya yi masa bayani a taƙaice, da muryar da mutanen layin gaba za su iya ji. Ya ce ya ɗauki nauyi yanzun nan, in ya zauna tsokar ƙafarsa za ta mutu na wasu sa'o'i, kuma yana da igiyar da zai riƙe. Lachie ya saurara da hannu a kan sitiyari.

"Wato ciwon da ke hana mutum zama. Da matata ta ji, da ta sa an ɗebo mini a kwalba." Ya ja ƙofa ta rufu. "Kama ƙarfen nan da hannu biyu. In an tambaye ni, ban gan ka ba."

Suka kama hanya a hankali, jerin motocin na ƙara yi musu nisa. Bayan sun wuce gada, Lachie ya rage murya, idonsa na kan titi, ya tambaya ko wancan karon ma abin ke nan. Torquil ya ce shi ne.

"Mu kuwa duk mun ɗauka..."

"Na san abin da kuka ɗauka. Da giyar ce, ai da na daina tuni. Ya fi sauƙi."

Lachie ya ƙara rage gudu a kwana.

Abin da Torquil bai yi lissafi da shi ba shi ne tsayuwa a kan matakalar mota ba tafiya ba ce. Wurin ya yi ƙunci, ba halin ɗaga ƙafa sosai, kuma sanyi na shigowa ta ƙasan ƙofa yana hawa wandonsa. Sai kuma ga wata babbar motar kifi ta ɓullo daga gaba a inda hanya ta mota ɗaya ce. Direban baƙo ne, bai san ana ba jana'iza hanya ba, bai kuma iya ja da baya ba. Lachie ya leƙa ta taga yana nuna masa wurin kaucewa, mutumin yana ta juya sitiyari ta inda bai dace ba.

A nan Torquil ya ji shi. Wani ɗan nauyi ne a saman gwiwa, kamar an ɗora masa hannu. Da can sai ya ce gajiya ce. Ya duba ta taga. Daga nan ana hango katangar maƙabarta a ƙetaren filin ciyawa, can bakin teku. Hanyar mota sai ta zaga tafki, amma mai ƙafa yana iya yankewa.

"Buɗe mini, Lachie."

Lachie ya ce ga ruwa nan tafe, kuma da takalman coci zai shiga ciyawa? Torquil ya ce ya buɗe dai. Ya sauka, ya zaro wata 'yar kwalba daga aljihun kwat. Ruwan maganin fotasiyam ne da likita ta ce ya sha idan ya ji alama. Ya fara juya wa motar baya, sai ya fasa. Ya fuskanci tagogin da fuskokin da ke cikinsu, ya ɗaga kwalbar ya sha rabi, ya rufe, ya buɗe ƙofar shinge ya shiga filin.

Bai yi sauri ba. Sauri na jawo abin da ake gudu. Ya taka irin takun da yake yi a kan masaƙa, dama, hagu, ba tsayawa, tumaki na watsewa a gabansa. Ruwa ya fara sauka a kaikaice. Ƙafar hagu ta fi nauyi, a wani gangare har sai da ya ji tana jan ƙasa. Ya faɗa wa kansa cewa idan ya kai wancan tsohon kwale-kwalen da aka kife ba ta saki ba, zai cika alkawari, ya ce wa Finlay ya riƙe. Bai ji tsoron faɗar hakan ba, bai kuma yi tsammanin za ta kai ga haka ba. Ya san ƙafar nan. Kafin ya kai kwale-kwalen ɗumi ya fara sauka cinyarsa, nauyin ya soma ja da baya. Ya ci gaba.

Bas ta riga shi isa. Da ya shigo ta ƙaramar ƙofar katanga, jama'a sun kewaye ramin, akwatin na kan katako, an riga an raba igiyoyi. Finlay na tsaye a wajen kai da igiya naɗe a hannu, wani ɗan kawunsu ya kama ta wajen ƙafa. Alick na duban sama yana duban hanya, don akwai waɗanda za su kama jirgin yamma. Mutane suka buɗa wa Torquil hanya. Wandonsa ya jiƙe har gwiwa. Daga yadda Finlay ya dube shi ya gane labarin kwalba ya riga shi zuwa.

Ya zaro ta ya miƙa masa. "Ɗanɗana."

Finlay ya dubi mutane, ya dubi kwalbar, ya kurɓa. Fuskarsa ta yamutse, ya haɗiye da ƙyar. Wani tsoho a baya ya yi tari don ya ɓoye dariya.

"Wannan kake sha?"

"In ta kama."

"Ƙafafun fa?"

Torquil ya ce sun yi nauyi a hanya, sun saki. Yana da lokacin da zai ishe shi, amma ba na tsayawa muhawara ba. Ya kama hannun Finlay na hagu ya matse, har ƙanen ya ji a ƙashi. Finlay ya ce to bari ya tsaya a bayansa, ko da wani abu.

"Wurinka na wajen ƙafarta. Kada ka bar ta da ɗan kawu."

Finlay ya dubi igiyar. Ruwa na ɗiga daga gashinsa. Sannan ya warware igiyar daga hannunsa, ya ɗora ta a tafin yayansa, ya zaga ramin ya karɓi tasa. Alick ya ɗaga hannu.

Aka ɗaga, aka zare katakan. Nauyin ya sauko kan igiyoyi gaba ɗaya. Torquil ya kafa ƙafafunsa a cikin yashi, ya ji sun amsa. Ya riƙa sakin igiyar kaɗan-kaɗan, hannu bayan hannu, idonsa a kan Finlay a ɗaya ƙarshen don su tafi daidai. Da akwatin ya kai rabin rami ya ji shirun mutane ya canza, ya san abin da kowa ke jira. Bai ƙara sauri ba, bai rage ba. Akwatin ya ci gaba da sauka a miƙe har ya taɓa ƙasa, ba a ji ƙarar komai ba sai igiyar da ta yi sako-sako a hannunsa. Ya saki bakinta ya faɗa kan murfin. Sauran suka saki nasu.

Fasto ya yi 'yar magana, iska ta kwashe rabinta. Maza suka ɗauki shebur suka shiga mayar da yashi, Torquil ya zuba nasa ya miƙa wa na kusa. Aka shimfiɗa ciyawar da aka yanke a kai, aka daddanna da bayan shebur. Mutane suka zo suna ba shi hannu, wasu na riƙewa fiye da yadda aka saba.

Da aka watse Alick ya sake buɗe ƙofar motar dangi. Torquil ya wuce ta, ya hau bas, ya zauna a kujerar farko kusa da ƙofa, ya ɗaura bel, ya miƙe ƙafafu. Tsofaffin da ke shigowa suna wucewa suna kallonsa. Ya ce wa Lachie, da ƙarfin da kowa zai ji, kafin su isa zauren ƙauye inda aka shirya miya da shayi ƙafafun nan sun tafi, kuma ba za su dawo ba sai dare ko gobe. Ba abin tashin hankali ba ne, ba sai an kira kowa ba. Amma ba gida za a kai shi ba, a zauren zai zauna ya karɓi gaisuwa, don haka a nemo maza biyu masu ƙarfi.

"Yau kun ɗauki ɗaya, za ku ɗauki na biyu. Ni ba sai da igiya ba."

Lachie ya ce shi bayansa ba na ɗaukar masaƙi ba ne, amma zai duba. Ya kai hannu zai rufe ƙofa sai aka buga ta daga waje. Finlay ne. Ya hau, ya tsaya a kan matakala yana karkaɗe ruwa daga kwat, ya ce ɗaya kawai za a nemo. Lachie ya ce to ya zauna ya ɗaura bel, motarsa ba ta ɗaukar na tsaye.

Finlay ya zauna kusa da yayansa. Sai da motar ta fita daga yashi ta hau kwalta sannan ya yi magana.

"Ta ina ake kama ka? Ta hammata ko ta ƙugu?"

"Ta hammata. Kuma ka lanƙwasa gwiwa, na fi yadda kake gani nauyi."